Littafin da Aka Soke: Wa Ke da Iko a Kan Labari?

Gabatarwa

Wata ranar Laraba a nan Sae Sabuwa, bayan an tashi daga karatu, na tarar da ɗalibaina biyu, ƴan ajin da ke shirin jarrabawar BEPC, suna gardama a gindin bedi har muryarsu ta fara tashi. Ɗaya yana riƙe da wani tsohon littafi na Faransanci wanda bangonsa ya rabe, yayansa ya sayo masa a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Maraɗi. Sunan littafin L'Héritier de l'Empire, fassarar wani ƙagaggen labari da Ba'amurke Timothy Zahn ya rubuta a kan mutanen finafinan Star Wars, waɗanda Faransawa suka sani da La Guerre des étoiles, wato Yaƙin Taurari. Yaron ya karance shi har sau biyu da ƙamus a gefe. Ɗayan kuwa bai taɓa buɗe shi ba, amma ya kalli finafinan a wayar ƙanen mahaifinsa, kuma ya ji labarin abin da ya sami littafin. Da suka gan ni sai ya ce: “Mushe, ka gaya mishi littahin ga an soke shi. Masu fim ɗin sun ce ƙarya ne.” Mai littafi ya amsa da zafi: “To shi fim ɗin gaskiya ne?”

Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida sai tambayar ta ƙi sakina. Ta yaya za a soke abin da bai taɓa faruwa ba? In labarai biyu duk ƙagaggu ne, wa ke da ikon cewa wannan sahihi ne, wancan kuwa jabu? Kuma mai karatu da ya ba littafi dare da ranarsa, mene ne haƙƙinsa a kansa, mene ne kuma iyakar wannan haƙƙi? Waɗannan su ne tambayoyin da wannan maƙala za ta bi, domin sun shafi duk wanda ke koyar da adabi ko yake raya al'ada.

Asalin maganar

Ɗalibin da ya ce an soke littafin bai yi ƙarya ba. George Lucas ya fitar da fim na farko a watan Mayu na 1977, labarin yaƙi tsakanin wata daula mai zalunci da ƴan tawaye a duniyoyin sararin samaniya. An ɗauki wani ɓangare nasa a kudancin Tunisiya, a gefen Saharar nan tamu. Tun kafin fim ɗin ya fito, a ƙarshen 1976, an buga labarinsa a littafi da sunan Lucas a bango, alhali Alan Dean Foster ne ya rubuta shi. Daga nan aka buɗe wata sana'a: kamfani ya ba marubuci aron mutanen fim, shi kuma ya ƙaga musu sababbin tafiye-tafiye.

A 1991, lokacin da aka yi shekara 8 ba a fitar da babban fim na wannan jeri ba, Zahn ya buga littafin da ɗalibina ke riƙe da fassararsa. Ya ɗora labarin shekara 5 bayan ƙarshen fim na 1983, ya ƙago wani babban kwamandan daula mai suna Thrawn da wata jaruma Mara Jade. Littafin ya kai matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, har Lucas ya ɗauki sunan Coruscant, babban birnin daular, daga cikinsa ya sa a finafinansa na baya. Littattafai da dama suka biyo, masu karatu suka girma da su: sun ga Luke Skywalker ya auri Mara Jade, sun ga ƴaƴan Han Solo da Leia sun tasa.

A watan Oktoba na 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. A watan Afrilu na 2014 aka ba da sanarwa cewa sababbin finafinai ba za su bi abin da waɗancan littattafai suka faɗa ba. Aka ci gaba da buga su, amma da tambari a bango mai cewa Legends, ma'ana almara. Aure da haihuwa da mutuwa na shekaru fiye da 20 suka tashi daga “abin da ya faru” suka koma “abin da ake faɗa”. Wannan shi ne sokewar da yaron ke nufi.

Masu karatu ba su yi shiru ba, kuma ba a ranar suka fara magana ba. A 1999, a littafin Vector Prime, R. A. Salvatore ya kashe Chewbacca, amintaccen abokin Han Solo, wanda ya ba da ransa don ceton ɗan abokinsa. Shawarar kisan ta fito ne daga masu tsara jerin littattafan da yardar kamfani, amma marubucin ne ya sha barazanar kisa daga wasu masu karatu. A watan Satumba na 2015 kuma, da Aftermath na Chuck Wendig ya fito a matsayin sahihin ci gaban fim na 1983, sai aka yi masa ruwan tauraro ɗaya, mafi ƙasƙancin maki, a shagon Amazon tun a kwanakin farko. Wasu salon rubutun ne bai yi musu ba, wasu ba su yarda da halayen wasu mutanen labarin ba, wasu kuwa fushin sokewar 2014 suka sauke a kansa.

Rabon mai jari da rabon marubuci

Mutum uku ne ke da'awar labari irin wannan: mai jari, marubuci, da mai karatu. Bari mu fara da mai jari, tunda shi doka ta sani. Haƙƙin mallaka ya ba shi ikon zaɓen wanda zai rubuta, da abin da za a sayar, da hanyar da fim na gaba zai bi. Wannan iko na gaskiya ne, kuma babu laifi a cikinsa. Mai gona yana da ikon ya ce bana gyaɗa zai shuka inda ya shuka hatsi bara. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ce hatsin bara da aka ci bai ƙosar ba. Sanarwar 2014 ba ta canza ko harafi ɗaya a littafin Zahn ba. Wanda ya ji daɗinsa a 1991 ya riga ya ji, wanda zai buɗe shi gobe zai tarar da shi yadda yake. Tambarin kamfani jadawalin aiki ne na masu shirya fim, don kada wani ya rubuta abin da zai ci karo da na wani. Ba ma'aunin kyau ko muni ba ne. Shaidar haka ita ce a 2016 kamfanin ya dawo da Thrawn cikin sahihin labari, a 2017 kuma ya sake kiran Zahn ya rubuta masa sabon littafi. Abin da aka kira almara jiya ya zama sahihi yau saboda masu karatu sun ƙi mantawa da shi.

Marubucin irin wannan littafi kuwa matsayinsa na magini ne da aka kira ya ƙara ɗaki a gidan da ba shi ya aza harsashinsa ba. Mutanen labarin aro ne a hannunsa, aro kuwa amana ce. Yana iya yin aikin da gaskiya, duk da haka mai gida ya rushe ɗakin daga baya. A littafinsa na 1978, Splinter of the Mind's Eye, Foster ya nuna alamun soyayya tsakanin Luke da Leia, sai fim na 1983 ya bayyana cewa tagwaye ne. Ba za a ce Foster ya ci amana ba, domin ya yi gini a kan abin da aka nuna masa. Amanar da ke wuyan marubuci ita ce ya riƙe halin mutanen da aka ba shi: jarumi kada ya wayi gari matsoraci ba dalili, mai rowa kada ya koma mai kyauta ba tare da wani abu ya girgiza shi ba. Amma riƙon amana bai hana shi ya sa su cikin hatsari na gaske ba. Labarin da aka san babu wanda zai mutu a cikinsa ya zama kamar kokawar da aka shirya wanda zai faɗi tun kafin a buga ganga.

Abin da dandalin tatsuniya ya koya mana

Game da mai karatu, mu Hausawa muna da makarantar da ta riga kamfanonin Amurka. Duk wanda ya zauna gaban kaka da dare ya san cewa masu sauraron tatsuniya ba kurame ba ne. In mai ba da labari ta sa Gizo ya mayar da abin da ya sata don tsoron Allah, nan take yara za su yi ca: “Ba haka take ba!” Amma in Gizo ya faɗa rijiya ya mutu a daren yau, gobe kuma ya fito yana yaudarar Kura, babu yaron da zai tambaya wanne ne sahihi. Yadda ake ba da tatsuniya a Tibirin Gobir ya ɗan bambanta da na Tasawa, na Tasawa ya bambanta da na Damagaram, kuma ba a taɓa kafa majalisa don a buga wa ɗaya hatimi ba.

Wannan ya nuna cewa mai sauraro na gargajiya yana da hikima biyu. Yana da sassauci a kan riwaya, ya yarda labari ɗaya ya yi rassa da yawa. Yana kuma da tsanani a kan hali, bai yarda a ɓata Gizo ko Ƙoƙi ba, domin halinsu shi ne dukiyar da kowa ke da rabo a ciki. Ɗalibina mai waya ya juya wannan hikima: ya tsananta a kan riwaya, har ya miƙa wa kamfani ikon faɗa masa abin da zai ji daɗinsa, bai kuwa tambayi ko mutanen littafin sun riƙe halinsu ba, tunda bai karanta ba.

Haƙƙin mai karatu ya samo asali ne daga abin da ya kashe. Ya kashe kuɗi, ya kashe lokaci, mafi girma kuma ya ara wa labarin zuciyarsa. Baƙaƙe ne kawai a kan takarda har sai shi ya ba su fuska da murya. Saboda haka in ya ce “ba haka take ba”, ya kamata a saurare shi. Rubutaccen adabinmu ma ya san wannan. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, masu karatu suka karɓe su a matsayin nasu domin ya sa musu rigar da ta dace. Umaru Dembo, a 1969, shekarar da mutum ya taka wata, ya ɗauki yaron Hausa mai suna Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, shekara 8 kafin fim ɗin Lucas. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi daga littafi ya koma wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya bi wannan hanya zuwa bidiyo a shekarun 1990. A kowane sauyi akwai wanda ya fito daga kallo yana cewa littafin ya fi, kuma yana da ikon faɗa.

Inda sassauci ke tsayawa

Kada a ɗauka cewa duk riwayoyi daidai suke a kowane hali. Chewbacca bai taɓa shan iska a duniya ba. Mutuwarsa a 1999 da dawowarsa a fim na 2015 ba su zalunci kowa ba. Amma akwai labarin da ke taɓa mutanen da suka rayu, kuma muna da babban misali a ƙasarmu.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar kisa da ƙone-ƙone a kan hanyarta, ta afka wa Lugu a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi mata turjiya. Tafiyar waɗannan hafsoshi biyu ta ƙare a watan Yuli na wannan shekara a ƙasar Tasawa, inda sojojinsu suka kashe su. Kaburburansu na Maijirgi, ba nisa da mu. A 1980 Abdoulaye Mamani ya buga ƙagaggen labarinsa Sarraounia da Faransanci, a 1986 Med Hondo ya mai da shi fim, wanda aka ɗauka a Burkina Faso kuma ya ci babbar lambar FESPACO a 1987. Littafin da fim ɗin sun yi wa ƙasa aiki babba: sun fito da sunan da rahotannin ƴan mulkin mallaka suka ambata a taƙaice, suka mai da shi alamar ƙin bauta, har ana sa wa makarantu da gidan rediyo sunanta.

Sai dai Sarauniyar Mamani jaruma ce ta fagen fama wadda marubuci ya ƙaga mata ƙuruciya da maganganu, alhali a Lugu sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada, wanda ke tattare da keɓewa da tsare al'ada. Yau yara da yawa sun san ta littafi, ba su san ta Lugu ba. In dattijon Lugu ya ce “ba haka take ba”, nauyin maganarsa ya wuce na mai kukan Chewbacca, domin shi yana kare kakanninsa ne. Mamani bai yi laifi ba, tunda ƙagaggen labari ya ce ya rubuta. Laifin zai hau kanmu malamai in muka koyar da littafinsa kamar kundin tarihi. Kalmar “sahihi” tana da ma'ana ta gaske a wurin da akwai abin da ya auku a zahiri wanda za a gwada magana da shi. A duniyar taurarin Lucas babu irin wannan ma'auni; abin da ake aunawa can shi ne ko labarin ya tsaru, ko mutanensa sun rayu a zuciyar mai karatu.

Ra'ayi shaida ne

To in mai karatu yana da haƙƙin yanke hukunci, da wane sharaɗi? A ganina ra'ayin da mutum ya bayyana a kan littafi shaida ce yake bayarwa gaban wanda bai karanta ba, kuma sharuɗɗan shaida sun hau kansa.

Na farko, ya zama ya gani da idonsa. Wanda ya ba littafi mai ɗaruruwan shafuka maki mafi ƙasƙanci bai buɗe shi ba, don yana fushi da kamfani, shaidar zur ya yi, ko da daga baya ta tabbata littafin ba shi da kyau. Na biyu, ya raba “ban so ba” da “bai yi kyau ba”. Wanda ya zubar da hawaye a kan mutuwar Chewbacca yana iya cewa ya ji zafi, amma wannan zafi kansa yana iya zama alamar cewa marubucin ya iya aikinsa. Na uku, ya kawo dalili da za a iya dubawa: a shafi kaza wane ya yi abin da bai dace da halinsa ba, ga kuma hujja. Ra'ayin da ba shi da dalili ba ya amfanar marubuci, ba ya shiryar da mai saye. Na huɗu, hukunci ya tsaya a kan littafi. Wanda ya yi wa mutum mai rai barazana saboda mutumin takarda ya zubar da darasin da labarin kansa ke koyarwa, na sadaukarwa da riƙon abota. Na biyar, ya yi magana da bakinsa. Taron da ke jifa tare yana ba kowa damar ɓoye hannunsa, kuma a cikin irin wannan taro mutum kan faɗi abin da ba zai iya maimaitawa ba in ya haɗu da marubucin ido da ido.

Waɗannan sharuɗɗa ba na Amurka kaɗai ba ne. A shekarun 1990 an tafka muhawara mai tsawo a jaridun Arewacin Nijeriya a kan littattafan soyayya na Kano, tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da ke sukar su da Abdalla Uba Adamu da ke kare su. Wannan muhawara ta amfani adabi domin masu yin ta sun karanta abin da suke magana a kai. Amma a bayansu akwai dubban mutane da suka la'anci littattafan ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba, kuma a 2007 an kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Mu ma a nan sau nawa muke ƙwace irin waɗannan littattafai daga hannun ɗalibai mata ba tare da mun duba shafi ɗaya ba? Yanzu da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, muna sa ran marubuta za su ƙaru. Za su buƙaci masu karatu da suka iya yabo da dalili, suka iya suka da adalci. In ba mu tarbiyyantar da irin waɗannan a aji da cikin ƙungiyoyinmu na al'adu ba, marubutanmu za su rayu tsakanin masu tafi da masu jifa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke gyara alƙalami.

Kammalawa

Washegari na kira yaran biyu. Na ce wa mai littafi ya daina jin kunyar abin da ya so, domin babu sanarwar da za ta ƙwace masa Faransancin da ya koya a ciki ko daren da ya raba yana juya shafi. Na ce wa ɗayan ba zan saurari hukuncinsa ba sai ya karanta, sannan ya zo mini da lambar shafi. Abokinsa ya ara masa, bayan ya sa shi alkawarin ba zai ƙarasa yage bangon ba.

Bayan hutu ya dawo. Ya ce akwai wuraren da suka gundure shi, ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: Thrawn, kafin ya yaƙi wata al'umma, sai ya zauna ya nazarci zane-zanensu da sassaƙarsu har ya gane yadda suke tunani, sannan ya ci su. Ya ce: “Mushe, ba haka Nasara suka yi muna ba?” Sai na gaya masa cewa a 1909 jami'an Faransa biyu, Landeroin da Tilho, waɗanda suka yi aikin shata iyakar nan da ke kudu da mu, sun buga littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Faris, kuma tsakanin 1911 da 1913 jami'in Ingila Frank Edgar ya buga juzu'i 3 na tatsuniyoyinmu. Na ƙara masa da cewa waɗannan littattafai, ko da wace niyya aka tara su, yau su ne suka adana mana abin da da ya ɓace. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ana samun su a Maraɗi. Maganar sokewa kuwa bai sake tayar da ita ba.